Ƙurajen Mai Wanki

A layin nan babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Ƙalƙal kowa ke cewa, har yaran da aka haifa a gabansa, domin in ka miƙa masa farar riga ka tambaye shi ko za ta fita, amsarsa guda ce: "Ƙal-ƙal." Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin na tela da na mai gyaran rediyo. Teburin guga na bakin ƙofa, an lulluɓe shi da tsohon bargo da farin ƙyalle. Dutsen guga na gawayi biyu ne, ɗaya na aiki ɗaya na jiran wuta. A baya akwai ɗan fili mai siminti inda bahuna suke, da igiyoyin shanya, da famfon da ke kawo ruwa ranar da ya ga dama. Nan ya shigo yana saurayi, nan furfura ta same shi.

Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Ba ya jiƙa kaya sai ya ɗaga su ya haska a rana ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa wuya da hammata da bakin aljihu. Ya san tabon tawada, ya san na tsatsa, ya san na man inji, kuma kowanne da irin hannun da yake bi da shi. Tela, maƙwabcinsa, yakan tsokane shi cewa ko likita ba ya duba mara lafiya yadda yake duba wando. Shi kuwa sai ya ce tela ai ɗinkawa kawai ya iya, ba ya ganin abin da mutane ke mayar da ɗinkin nasa. Da gaskiyarsa. Daga kayan mutum yana gane wanda aka yi wa ƙarin girma a ofis, da wanda matarsa ta yi yaji, da wanda ya fara shan abin da bai kamata ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da yakan faɗa, ga duk wanda ya zauna a bencinsa, shi ne ƙarfi ba ya wanki, ido ke yi, hannu bin umarni kawai yake.

Hannun kuwa ya sha wahala. Shekara da shekaru cikin ruwan sabulu da sitaci da bula sun mayar da shi kamar ɓawon itace. Tsakanin yatsunsa kullum a tsage, bayan hannunsa ba ya rabuwa da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, wani lokaci su hau har gwiwar hannu. In sun dame shi sai ya shafa mai, ya canja sabulu, kwana kaɗan su lafa. Bai taɓa ɗaukar wannan ciwo ba, kayan aiki ya ɗauke shi, kamar toka a rigar mai gawayi.

Matarsa ta fari ta rasu tun suna da ƙuruciya, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya sa mata suna. Ya daɗe kafin ya sake aure. Ta biyun mace ce mai fara'a da saurin baki, ita kaɗai ke iya kashe masa baki a musu. A cikinta na biyu ne, wajen awo, aka gwada jininta aka ce tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ta dawo gida ta faɗa masa a tsaye, ko mayafi ba ta cire ba. Bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta tambaye shi ba, amma kowannensu ya tuna da marigayiyar. Ta fara shan magani, ta haifi yarinya lafiya lau, jikinta ya murje har mata na tambayarta me take ci. Shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da zancen gwaji. Duk ranar da ta tayar da maganar sai ya ce mutumin da ke matse bargo jiƙaƙƙe shi kaɗai ba ya buƙatar a gaya masa lafiyarsa.

Haka aka yi ta tafiya har tari ya kama shi ya ƙi saki, wandunansa suka fara zamewa, dutsen gugan da yake wasa da shi da hannu ɗaya ya koma yi masa nauyi. Ranar da ya zauna hutawa a tsakiyar gugar riga guda, matar ta rufe shagon da kanta ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Sakamakon bai ba kowa mamaki ba.

Malamar asibitin da ta ba shi ƙwayoyin ta ja masa kunne a kan abu biyu. Na farko, kada ya kuskura ya tsallake shan maganin ko rana ɗaya, ko yana jin daɗi ko ba ya ji. Na biyu, in ya ga ƙuraje sun feso masa, ko zazzaɓi, ko bakinsa ya fashe, ya dawo a ranar, kada ya jira. Ƙalƙal ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan teburinta.

"Malama, ni da ƙuraje ai tare muka girma. In don su zan riƙa zuwa, sai dai ki ba ni ɗaki a nan."

Ta duba hannun ta yi dariya, shi ma ya yi. Mutane sun cika benci a waje, na gaba har ya leƙo. Da ta ƙara kalma biyu, ta ce ba irin waɗannan take nufi ba, da wataƙila labarin ya canja. Ba ta ƙara ba, kuma ba mugunta ba ce, gajiya ce. Ya fito ya riƙe gargaɗin farko gam, don ya dace da halinsa, na biyun kuwa ya bar shi a kan teburinta.

Da farko abin kamar an yi sa'a. Tarin ya ragu, ya fara cin abinci. A tsakanin nan ne wani mai talla ya kawo masa garin sabulu a buhun da ba rubutu, mai araha, mai kumfa kamar me. Ya saya. Bai daɗe da fara aiki da shi ba ya wayi gari da jajayen ƙuraje a hannu da wuya. Ya zagi mai tallan, ya zagi buhun, ya ture shi ƙarƙashin tebur ya koma tsohon sabulunsa. Ya shafa mai. Ya ɗaura leda a hannuwansa ya ci gaba da wanki, tela na yi masa dariya wai ya zama likitan tiyata.

Ƙurajen ba su lafa ba. Suka sauka ƙirji, suka zagaya baya, wuraren da ruwan sabulu bai taɓa zuwa ba. Nan ma ya samo musu dalili: zufa ce da tururin guga ke kai sabulun ko'ina. Idanunsa suka yi ja suna zafi, ya ce gawayin wannan karon ɗanye ne, hayaƙi ya yi masa yawa. Duk abin da jikinsa ya nuna masa, akwai amsarsa a cikin shago, kuma amsa ce da ta sha zama gaskiya a baya. Sau ɗaya tal maganar malamar ta faɗo masa, da yamma, yana zaune matarsa na shafa masa mai a baya. Ya tambaye ta ko dai maganin ne.

"Wane magani? Ni shekara nawa ina sha, ka taɓa ganin ko ƙurji ɗaya a jikina? Sabulun banzan nan ne da ka kwaso don araha."

Hankalinsa ya kwanta, don abin da yake so ya ji ke nan. Ita ma ba ƙarya ta yi ba, abin da ta sani ta faɗa. Da zazzaɓi ya rufe shi, leɓɓansa suka kumbura, cikin bakinsa ya fashe har ba ya iya haɗiyar ƙwaya, ita ce ta riƙa daka ta a cokali tana jiƙawa da ruwa tana ɗura masa, tana lallashinsa kamar yaro, don an ce kada a tsallake ko rana ɗaya.

Ranar da aka kai shi asibiti, da safe ne ta zo cire masa singileti don ta goge masa jiki. Singiletin ta manne. Ta ja a hankali, sai fatar bayansa ta biyo ta. Ba ta yi ihu ba. Ta fita ba takalmi ta buga wa tela ƙofa, suka samo mota.

Likitan da ya karɓe shi, yana ganinsa ya tambayi wane magani yake sha da kuma yaushe ƙurajen suka fara. Matar ta faɗa masa. Ya yi mata bayani a hankali cewa maganin mai kyau ne, dubban mutane na rayuwa da shi, amma akwai ɗaiɗaikun da jikinsu ba ya karɓarsa, sai ya juya ya ƙone fatarsu daga ciki. Ya ce da an tsayar da shi tun ƙurajen farko, da abin bai kai nan ba. Sai ya tambaye ta yaushe ya sha na ƙarshe. Ta ce jiya da dare, ita ta ba shi.

An kwantar da shi a ɗakin masu ƙuna, duk da wuta ba ta taɓa shi ba. Fatar ƙirjinsa da bayansa da cinyoyinsa ta yi bororo ta saluɓe. Leɓɓansa suka yi baƙin ɓawo, ruwa ma sai da ɗigo. Fatar idanunsa ta manne da kwantsa da jini, kullum sai ma'aikata sun zo sun raba ta, kuma wannan ne kaɗai abin da ke sa shi kuka da murya. Ƙarin ruwa ake yi masa dare da rana. Wanda ke gado na kusa da shi, tukunyar gas ce ta fashe da shi, shi 'yan'uwansa na da abin faɗa wa masu zuwa dubiya. Matar Ƙalƙal ba ta da shi. Ta ce sabulu ne, kuma wasu sun yarda, wasu sun gyaɗa kai kawai. A cikin zafin nan ma halinsa bai bar shi ba. Ba ya gani, amma yana jin zanen gadon na mannewa a jikinsa, sai ya riƙa tambayarta a hankali ko ya ɓata musu farin zane sosai, yana cewa ta gaya musu da ruwan sanyi ake fara jiƙa irin wannan, ba da na zafi ba.

Bai mutu ba. Mutane suka ce ya auna arziki, kuma haka ne. Sabuwar fata ta fito, wani wuri baƙi wani wuri fari, fuskarsa da hannuwansa duk dabbare-dabbare. Faratansa suka zube, waɗanda suka sake tsirowa suka fito a karkace. An canja masa magani, ya daɗe yana juya ƙwayar farko a tafin hannunsa kafin ya haɗiye, amma wannan ya zauna da jikinsa lafiya. Idanun ne suka ƙi. Likitar ido ta ce wurin da ke kawo hawaye ya ƙafe, gaban idon kuma ya yi tabo. Zai riƙa ɗiga magani sau da yawa a rana har ƙarshen rayuwarsa, ganin ba zai ƙaru ba, in an yi sa'a dai ba zai ragu da sauri ba. Ta ce ya guji hayaƙi, ya guji zafi, ya guji hasken rana mai ƙarfi. Ta tambaye shi sana'arsa. Da ya faɗa mata, ta ajiye alƙalaminta ta ce Allah ya kawo mafita.

Ya zauna a gida wata da watanni, yana jin matarsa na fita da sassafe yin aikatau a gidajen mutane. Abin na cinsa. Duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle: yana ganin ƙofa, yana ganin inuwar mutum, fari da baƙi yana rarrabewa, amma fuskar 'yarsa sai ta kawo ta dab da tasa. Tsoronsa ba na mutuwa ba ne. Tsoronsa ya zama mutumin da ake ciyarwa a kusurwar ɗaki alhali hannuwansa na motsi. Wata safiya ya sa baƙin tabarau da riga mai dogon hannu, ya ce matarsa ta ba shi makullin shago. Ta yi magana, ta kawo zancen likita, ta yi fushi, ya bar ta ta gama ya sake miƙa hannu.

Masu kawo kaya sun watse. Wasu sun koma wani shago tun yana kwance, wasu sun zo sun ga hannun da zai taɓa musu riga, suka gaishe shi da jiki suka wuce da ƙullinsu wai za su dawo. Zance ya riga ya zaga layin, ba wanda ya faɗa a gabansa. Kaɗan ne suka tsaya: wani direban motar makaranta mai fararen riguna, wata malamar firamare, wani dattijo mai shagon littattafai, da waɗanda tela ke turo masa da ƙarfin hali. Ya karɓe su hannu biyu. Guga ba ta ba shi wahala ba, don kari da yatsa ake jinsa, zafin dutse kuma da tafin hannu ake auna shi daga nesa. Hayaƙin gawayin na soya masa ido, sai ya koma ciki ya ɗiga magani ya dawo. Wankin ne matsala. Har yanzu yana ɗaga riga ya haska a rana, don hannunsa ya saba, amma farin hazo kawai yake gani. Sai ya koma cuɗa ko'ina da ko'ina, wuya da hammata da bakin aljihu, sau biyu sau uku, ko akwai tabo ko babu.

Matar ce ta ce ita za ta riƙa kai wa mutane kayansu gida, don ya huta da yawo cikin rana. Ya ji daɗin haka, ba ya son idon jama'a. Kullum da hantsi takan zo shagon, ya ɗaga mata abin da ya goge jiya ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ta ko ya fita. Ta ce ya fita. Ta ɗaure ƙullin ta ɗora a kai ta tafi, shi kuma ya wuni a shago sai magariba. Ba wanda ya taɓa dawo da kaya. Direban ma ya tsaya wata rana daga cikin mota ya ce masa hannun nan dai yana nan yadda yake. Ƙalƙal ya wuni baki har kunne. Ya gaya wa tela cewa ashe shekarun da ya yi ba su tafi a banza ba, yatsunsa sun haddace inda datti ke ɓuya. Tela ya ce haka ne, ya ci gaba da taka kekensa. Har Ƙalƙal ya fara lissafin yadda mutane za su dawo ɗaya-ɗaya in suka ga aikin bai canja ba.

Wata rana da azahar kwalbar maganin idonsa ta ƙare a shago, idanun suka ɗauki zafi kamar an zuba yashi. Akwai wata a gida. Ya bar wa tela jiran shago, ya bi gefen bango yana tafiya a hankali, kansa a ƙasa saboda rana. Ya tura ƙofar gidan ya shiga, bai yi taku uku ba wani jiƙaƙƙen abu ya mare shi a fuska. Shanya ce a tsakar gida, inda bai san da igiya ba. Ya kai hannu zai ture, sai hannun ya tsaya. Ya shafa wuyan rigar, ya gangara zuwa aljihu, ya sami maɓallin nan mai tsaga da yake kaucewa da bakin dutse. Rigar direba ce. Jiya ya wanke ta, ya sa mata sitaci, ya goge ta, yau da safe ya miƙa ta a ninke. Ya matsa gaba. Zanen malamar firamare. Wandon dattijo, karin da ya yi masa bai gama mutuwa ba duk da ruwa. Daga bakin ɗaki yana jin ƙarar buroshi a kan ƙyalle, da ƙamshin gawayi daga wani dutsen guga da ba nasa ba. Buroshin ya tsaya.

"Baban yara, lafiya ka dawo yanzu?"

Ya tambaye ta tun yaushe. Ta fara cewa yau ne kawai, ƙullin ne ya faɗi a hanya, sai muryarta ta ƙi ɗaukar ƙaryar.

"Tun ranar da ka koma," ta ce.

"Duka?"

"Ba duka ba. Masu duhu suna wucewa." Ta ajiye buroshin. "Fararen ne. Kana cuɗa inda ba komai, ka bar wurin tabon. Wani lokaci hannunka yana tsagewa ya ɗiga a kai, ka bi da guga ba ka sani ba."

Ya tsaya riƙe da gefen rigar, ruwa na bin hannunsa zuwa gwiwa. Ya tambaye ta ko tela ya sani. Ta ce dutsen gugan na matar tela ne. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko ranar da baƙi suka tuɓe shi a gadon asibiti. Ya so ya yi faɗa, amma babu wanda zai yi wa. Yana jin numfashinta, yana jin yadda take matse hancinta da gefen zane. Ta ce ita ta ɗura masa abin nan da hannunta, don haka ya bar ta ta yi wannan, kada ya hana ta. Ya ce ba laifinta ba ne. Ya daɗe yana so ya faɗa mata haka, amma yadda ya fito yanzu, ba ta ji sauƙi ba, shi ma bai ji ba.

Ta kawo kwalbar, ta zaunar da shi a kan kujerar tsakar gida, ta ɗaga masa haɓa ta ɗiga masa a ido ɗaya bayan ɗaya. Hannunta na warin sabulu, tsakanin yatsun ya fara tsagewa, ya ji kaushinsa a kumatunsa. Ta tambaye shi ko zai koma shago, ta raka shi.

Ya ce a'a. Ya ce in ta gama ta aika a gaya wa tela ya kashe wutar dutsen, ya jawo ƙofar. Sai ya tambaye ta saura guda nawa a bahon, ta ce uku. Ya naɗe hannun rigarsa ya tsuguna kusa da ita, ya laluba ya ɗauko ɗaya.

"Nuna min wurin," ya ce.

Ta kama yatsansa ta ɗora a kan tabon, ya fara cuɗawa.